Haidiranjiya, Furen da Ƙasa Ke Zaɓa wa Launi

A ƙasar Japan, idan damina ta kankama a watan Yuni, jama'a kan yi layi da lema a hannu a ƙofar Meigetsu-in, wani wurin ibadar mabiya Buddha da ke garin Kamakura a kudu da Tokyo, don kawai su ba idanunsu abinci da wani shuɗin fure da ya cika harabar. Su Japanawa ajisai suke ce masa. Masu Turancin Ingilishi na kiransa haidiranjiya, masu Faransanci kuma ortansiya. Ƙaramin itace ne mai rassa da yawa, tsawonsa daga mita 1 zuwa 2, ganyensa faffaɗa, furensa kuma a dunƙule yake fitowa, wani curin har ya kai kan jariri. Danginsa sun haura iri 70, mafi yawansu a China da Japan da Koriya, wasu kuma a nahiyar Amurka. Wanda ya fi shiga lambunan duniya shi ne mai manyan ganye, ɗan asalin Japan, wanda ya isa Turai a ƙarshen ƙarni na 18. Wani likita Bajamushe, Philipp Franz von Siebold, da ya zauna a Nagasaki daga 1823 zuwa 1829, har ya raɗa wa wani nau'insa suna Otaksa saboda matarsa Bajapaniya.

Duk wanda ya ga hotonsa sai ya yi sha'awar dasa shi. Amma kafin a kai ga sayen dashe, a fara duba wurin da za a sa shi, domin rabin aikin a nan yake ƙarewa. Saiwoyinsa ba sa nutsawa can ƙasa, a sama-sama suke bazuwa, ga ganye masu faɗi da ke fitar da ruwa ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka abin da yake so shi ne hantsi ya taɓa shi, da rana ta take kuma inuwa ta rufe shi. Gefen gabas na gida ya fi dacewa, ko ƙarƙashin bishiya mai sakakkiyar inuwa, muddin ba dab da gindinta ba inda saiwoyinta za su shanye masa ruwa. Idan inuwar ta yi duhu ainun, zai yi ganye kore shar amma fure ƙalilan.

Akwai kuma maganar sanyi, wadda masu sayar da dashe ba su cika faɗa ba. Mai manyan ganyen yana ɗaura tohon furensa ne idan yanayi ya sauko ƙasa da digiri 18 ko kusa da haka, sannan yana son ya huta a cikin sanyi kafin ya buɗe. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi sai a kan tuddai ake samun nasararsa: garin Da Lat na Biyetnam, mai tsayin kusan mita 1,500, da tsaunukan Antiyokiya na Kolombiya, inda ake nomansa ana fitar da yankakken furen zuwa ƙasashen waje. A wajenmu, yanayin da ya fi kusa da wannan shi ne na tudun Jos da na Mambila. Mutumin Kano ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke kai digiri 40, gara ya san da wannan tun da wuri. Yana iya riƙe shi a tukunya a cikin inuwa na ɗan lokaci, amma a ganina kuɗin da wahalar sun fi dacewa da wani furen da ya saba da rana.

Dasawar kanta ba ta da wuya. A haƙa rami mai faɗin ninki biyu na curin ƙasar da dashen ya zo da ita, zurfinsa kuwa daidai da curin, kada a binne wuyan itacen. A cuɗa ƙasar da aka tono da ruɓaɓɓen taki ko ruɓaɓɓen ganye, a mayar, a danna da hannu, a ba shi ruwa ya ƙoshi. Tsakanin dashe da dashe a bar mita 1 ko fiye. Daga nan a lulluɓe gindin da busasshen ganye ko ciyawa don danshi ya daɗe. Yana son danshi, amma idan ruwa ya kwanta masa saiwa ruɓewa take yi. Wani abu da ke ruɗar sabon mai lambu shi ne yadda ganyen ke yin laƙwas da tsakar rana ko da ƙasar a jiƙe take. A tura yatsa cikin ƙasar tukuna. In da danshi, a ƙyale shi, da la'asar zai miƙe.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne launi. Mutum zai sayi dashe mai shuɗin fure, ya kai gida ya dasa, shekara ta zagayo ya ga ruwan hoda, ya ce an cuce shi. Babu wanda ya cuce shi, aikin ƙasarsa ne. A cikin furen akwai wani sinadarin rini wanda asalinsa ja-ja ne, amma idan ya haɗu da alminiyum sai ya koma shuɗi. Alminiyum kuwa yana cikin kusan kowace ƙasa, sai dai ba ya narkewa har saiwa ta iya zuƙarsa sai ƙasar tana da tsami. A ma'aunin tsami na pH, daga 5.5 zuwa ƙasa fure shuɗi ne, daga 6.5 zuwa sama ruwan hoda ne, tsakaninsu kuma shunayya, wani lokaci ma launi biyu a itace ɗaya. Tsibirin Fayal na Fotugal, da ke tsakiyar tekun Atlantika, ana yi masa laƙabi da shuɗin tsibiri saboda yadda wannan fure ya yi wa gonakinsa shinge a kan ƙasar aman wuta mai tsami.

Mai son shuɗi yana iya narka babban cokali ɗaya na gishirin alminiyum, ɗan'uwan alif ɗin nan da ake tace ruwa da shi, a cikin lita 4 na ruwa ya zuba a gindin, bayan ya fara jiƙa ƙasar da ruwa zalla. Idan aka cika shi yana ƙona saiwa. Ya kuma rage takin sufa da duk wani taki mai yawan fosfaras, domin fosfaras na ɗaure alminiyum ya hana shi narkewa. Mai son ruwan hoda kuwa farar ƙasa zai barbaɗa, ko tokar murhu kaɗan. Itacen da aka dasa a jikin katangar siminti da kansa yake karkata zuwa ruwan hoda, haka ma wanda ake shayarwa da ruwan rijiya mai kauri, shi ya sa masu neman shuɗi ke tarar ruwan sama. Canjin yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekara guda. Farin nau'i kuwa ko me aka zuba masa fari zai fito.

Sai batun aski. Mai manyan ganye a kan reshen bara yake ɗaura furen bana, don haka wanda ya sassare shi ƙwal da rani ya yanke furensa da hannunsa. Da zarar fure ya bushe ake cire shi, a yanka daidai saman toho biyu masu ƙwari, a fidda matattun rassa kawai. Akwai wasu nau'o'i, irin su Annabelle ta Amurka mai farin fure, da ke yin fure a sabon reshe, su ana iya rage su sosai. Idan ana son ƙarin dashe, a yanki ɗanyen reshe marar fure mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a cire ganyen ƙasa, a soka a ƙasa mai yashi da danshi a inuwa. Cikin wata guda yakan yi saiwa.

Gidan da ke da awaki ko ƙananan yara ya yi hattara: ganyen da tohon suna ɗauke da dafi na dangin wanda ke cikin ɗanyen rogo mai ɗaci, yana jawo amai da gudawa. A kewaye shi da waya, ko a dasa shi inda dabba ba ta kaiwa.