Kwana a dajin Tarmit lokacin kaka

Jama'ar Gidigir, in mutum ya bi hanyar Gure, ya yi arewa ya wuce Taskar, zai tarar da baƙaƙen duwatsu tsakiyar rairayi. Nan ne Tarmit. A shekarar 2012 gwamnati ta keɓe wurin, haɗe da sahara ta Tin Tumma, ya zama gandun namun daji. An hana farauta a ciki. Tubawa makiyaya kuwa suna nan da raƙumansu.

Lokacin kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, zafi yakan fara sauka. Sa'an nan ne tafiyar ƙasa take da daɗi. Baƙo yakan kafa tanti a gindin dutse, ya tashi da asuba ya bi sawun namu. In ya yi sa'a ya ga barewa, ko ragon dutse, ko tuje.

Akwai wata dabba fara mai murɗaɗɗen ƙaho, Turawa suna ce mata adaks. Takan yi watanni ba ta sha ruwa ba, danshin ciyawa ya ishe ta. Amma ba ta jure gudu. In aka kore ta da mota, gajiya kawai tana iya kashe ta. A 2016 masu bincike sun zagaya da jirgin sama da motoci, uku kacal suka gani. Uku, jama'a!

To, mai niyyar zuwa ya fara neman izini wurin ma'aikatan gandun daji. Su za su gaya masa ko hanya lafiya. Kada ya tafi ba ja-gora ɗan wurin, don rijiyoyi suna nesa da juna. Ya cika salka da jarka, ya ɗauki bargo, dare akwai sanyi. Da safe ya kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Babban abin tsoro shi ne wuta. Da kaka ciyawa ta bushe ƙayau, ga iska. Garwashin shayi ɗaya ya isa ya cinye abincin bisashe da na namun daji na shekara guda. Ku da kuke share hanyar tare gobara kowace kaka kun san wannan. Kafin a hura wuta a share wurin, a haƙa ɗan rami. In za a tashi a binne ta da rairayi, a sa hannu a taɓa, a tabbata ta mutu.