Jami'ar Jihar Adamawa: Ginshiƙi Na Biyu Na Tattalin Arzikin Mubi

MUBI: Tun zamanin da garin Mubi yake hedikwatar Lardin Sardauna, an san shi da cinikin shanu da hatsi da kuma fatauci tsakanin Nijeriya da Kamaru. Amma a yau masu lura da al'amuran tattalin arziki suna lissafa ilmi mai zurfi a matsayin ginshiƙi na biyu da garin ya dogara a kansa.

An kafa Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi cikin shekarar 2002, a zamanin mulkin Gwamna Boni Haruna, shekara 11 bayan ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Gongola. Jami'ar ta tarar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979 a Yola kafin a mayar da ita Mubi.

Daga cikin tsangayoyin jami'ar akwai na aikin gona, da kimiyya, da ilmin zamantakewa da gudanarwa. Darussan kiwon dabbobi da tattalin arzikin noma sun dace da yankin da mafi yawan jama'arsa manoma ne da makiyaya.

Kuɗin da ɗalibai da malamai ke kashewa su ne jarin masu gidajen haya, da masu sayar da abinci, da direbobin Keke Napep, da masu shagunan buga takardu. Ko wasannin motsa jiki ma suna da nasu ciniki, domin duk ranar da ake ƙwallon ƙafa tsakanin sassan jami'ar, masu tallar ruwa da rake da tsire sukan yi kasuwa a bakin fili.

An gane nauyin wannan alaƙa a watan Oktoba na 2014, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi. Makarantu suka rufe, ɗalibai suka watse, gidajen haya suka zama kango. Ko da yake an ƙwato garin a watan Nuwamba na shekarar, harkokin ciniki ba su farfaɗo sosai ba sai da ɗalibai suka koma azuzuwa.

Saboda haka tsaron makarantun Mubi da biyan albashin ma'aikatansu a kan kari al'amari ne da ya shafi aljihun 'yan kasuwar garin kai tsaye.