Karatu da Ido a Rufe: Baiwa ce ko Rufa-ido?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon mai siddabaru a bakin kasuwa, ko a Sabon Garin Zariya ko a wani gari, ya san cewa ido yana iya yaudarar mai shi. Sai dai ɗan kallo kan jefa abin da ya sawwaƙa ne ya wuce, domin ya san wasa ne. Matsala takan taso ne sa'ad da aka mai da rufa-ido makaranta, aka sa mata kuɗi.

A cikin shekarun 2010 wasu cibiyoyi sun yawaita a Indunusiya da Malesiya da Indiya, suna karɓar kuɗin iyaye da alkawarin "tayar da tsakiyar ƙwaƙwalwar" yaro cikin kwana biyu. Hujjarsu ita ce, a ɗaure wa yaro ido da ƙyalle, sai ga shi yana karanta takarda ko yana faɗin launin kati.

To, mene ne kimiyya ta ce? Gani ba ya samuwa sai haske ya shiga ido, ya faɗa kan tantanin da ke bayansa, sannan jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa wajen ƙeya. Ita tsakiyar ƙwaƙwalwa kuwa ba barci take yi ba balle a tashe ta. Kullum tana aikin juya ƙwayar ido da waiwayar da mutum inda ya ji ƙara.

Asirin yana ga hanci. Ƙyalle ba ya kwanciya sosai a inda karan hanci ya haɗu da kumatu, saboda haka akan sami 'yar kafa da za a leƙa ƙasa. Shi ya sa yaron kan ɗaga haɓa, ko ya kawo takardar kusa da hanci kamar mai shinshina. Tun a 1966 Martin Gardner ya bayyana wannan dabara a mujallar Science.

Ba yau aka fara ba. A 1975 masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila sun gwada yaran da aka ce suna lanƙwasa cokali da ƙarfin tunani. Da aka leƙa su ta bayan wani madubi ba da saninsu ba, sai aka ga yawancinsu da hannu suke lanƙwasawa. Haka kuma gidauniyar James Randi ta Amurka ta ajiye dala miliyan 1 daga 1996 zuwa 2015 domin duk wanda ya nuna irin wannan baiwa a gwaji mai tsauri. Ba wanda ya ci.

Idan irin wannan talla ta iso Samaru, malamin sakandare ba ya bukatar ɗakin gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya rubuta lambobi 1 zuwa 10 a katuna, ya sa kowanne cikin ambulan mai kauri, ya cakuɗa su har shi kansa bai san wanne ne wanne ba. Mai cinke kawai zai dace kamar sau ɗaya cikin goma. Mai baiwar gaskiya ya kamata ya zarce haka nesa, kuma ya maimaita.

Hasarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Yaron da ya ga mahaifinsa ya biya kuɗi masu yawa yana jin nauyin ya ce leƙe yake yi, sai ya saba da ɓoye gaskiya tun yana ƙarami. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ambulan guda goma sun isa a kai ƙarshensa.