Hutun Makaranta: Yawon Buɗe Ido Ba Sai Da Motar Gida Ba

'Yan'uwana mata, yarinya takan haddace sunayen Zariya da Kaduna a aji, alhali iyakarta kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi. In an yi zancen tafiya sai uwa ta ce ai maigida ba shi da mota. To, motar haya da jirgin ƙasa na kowa ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun Disamba. An gama kaka, gero da dawa suna rumbu, an sayar da gyaɗa, ruwa bai tare hanya ba. Kwasar adashi guda ta rage nauyin kuɗin mota.

Ga yadda za a tsara. A yi sammako zuwa Kano, a kai yara Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, a nuna musu tashar jirgi, domin tun 1911 dogo ya iso birnin. Kashegari a shiga mota a Unguwa Uku zuwa Kaduna, ta Zariya. Daga tashar Rigasa akwai jirgin da aka buɗe a 2016, mai cin kilomita 186 zuwa Idu a Abuja. Tikitinsa ta intanet ake saye, da lambar katin ɗan ƙasa, saboda haka a sa wani ya tanada tun da wuri.

Kada mu ɓoye wa juna, hanya sai da lura. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun tare jirgin nan, bai koma aiki ba sai Disamba. Don haka a tambayi labarin hanya, kuma a tabbata jirgi yana tashi kafin a bar gida. A nemi yardar maigida, a tafi da muharrami, a yi tafiyar rana. A shiga mota cikin tasha, ban da ta bakin titi kome arharta. A raba kuɗi gida biyu, a riƙe guzurin dambu ko ƙuliƙuli da ruwa, kowace yarinya kuma ta haddace lambar wayar mahaifinta.

Nan gaba abin zai ƙara sauƙi, don dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 an tsara ya bi ta Ɗambatta, Kazaure da Daura.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tafi da littafi da alƙalami, ku rubuta sunan kowane gari da abin da ake nomawa a can. Gani ya kori ji. Allah ya kiyaye hanya.