Daga Fitowar Sakamako Zuwa Ranar Rajista: Jan Hankali Ga Iyaye Da Ɗaliban Da Za Su Shiga Jami'a

A kowace shekara, da zarar Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu ta Ƙasa, wato JAMB, ta saki sakamako, gidaje da dama a garuruwa da ƙauyukan jihar nan sukan cika da murna. Uba yakan karɓi barka a masallaci da majalisa, uwa kuma ta fara tunanin katifa da tukunyar da za a saya wa yaro. Sai dai abin da muka sha gani a yayin rangadin wayar da kan jama'a da muke yi a ƙananan hukumomi shi ne, akwai 'ya'yanmu da dama da suka samu maki mai kyau amma ba su kai ga zama a ajin jami'a ba. Idan aka bi diddigi, sai a tarar gurbin ya kuɓuce ne a cikin 'yan watannin da ke tsakanin fitowar sakamako da ranar rajista, ko dai saboda takardu, ko layin waya, ko kuɗin da bai samu a kan lokaci ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani domin amfanin iyaye da ɗalibai, da kuma shugabannin al'umma waɗanda wasu daga cikin takardun ke bi ta hannunsu.

Da farko ya kamata a fahimci cewa cin jarrabawar JAMB ba shi ne samun gurbi ba. Jarrabawar darussa huɗu ce, Turanci dole ne a cikinsu, kuma jimillar makinta 400. Baya ga ita, ɗalibi na buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga masu neman fannonin kimiyya da ƙere-ƙere da nazarin zamantakewa. Sannan jami'ar da ya zaɓa za ta yi tata tantancewar. Tun daga shekarar 2017 JAMB ta mayar da harkar bayar da gurbi cikin wani tsari na intanet da ake kira CAPS. Jami'a ce ke gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, shi kuma ɗalibin ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓa. Karɓar tana da wa'adi, idan ya wuce ana iya ba wani. Haka kuma ba za a duba sunan wanda bai ɗora sakamakonsa na sakandare a shafin JAMB ba, komai yawan makinsa.

A nan ne ɗan ƙauye ya fi shan kaye. Akasarin yaranmu sukan yi rajistar JAMB ne tun kafin su zauna WAEC ko NECO, don haka a rubuce yake cewa suna jiran sakamako. Damina ta faɗi, yaro ya koma gona, sakamakon ya fito, an yi murna, amma babu wanda ya tuna cewa sai an koma wata cibiyar da JAMB ta amince da ita an ɗora shi. Shawararmu ita ce a ɗora shi a makon da ya fito, sannan a riƙa leƙa shafin CAPS aƙalla sau ɗaya a mako, ko da sai ranar kasuwa ce ake samun zuwa inda akwai sabis.

Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN, kuma layin wayar da aka fara rajistar da shi yana nan ɗaure da sunan ɗalibin. Mun sha tarar da yaran da aka yi wa rajista da layin wani yayansu da ya tafi ci-rani Kudu, ko kuma mai shagon intanet ne ya buɗe musu adireshin imel ya riƙe lambar sirrin a wurinsa. Layin ya zama na yaron ne, kada a bari ya ɓata ko kamfani ya rufe shi don rashin amfani. A rubuta imel da lambar sirri da lambar rajista a littafi, a ajiye tare da takardun gona da na gida.

Game da 'yan damfara kuwa, maganarmu gajera ce. Duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa domin ya samo gurbi, a guje shi. Gurbin da bai bayyana a CAPS ba, ba gurbi ba ne, kuma wanda ya yi karatu a kansa zai iya shafe shekara huɗu ko biyar sannan ya tarar babu sunansa a jerin da ake tura wa hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC. A jami'o'in tarayya ana biyan kuɗi ne ta Remita zuwa asusun gwamnati. A adana kowane rasit har ranar karɓar shaidar digiri.

Batun da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne na suna da ranar haihuwa. Mu Hausawa mun saba da cewa Abubakar da Habu da Garba mutum ɗaya ne, haka Muhammad da Muhammadu da Mamman. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Hedimasta ya rubuta sunan yaro da na mahaifinsa a firamare, a sakandare aka ƙara sunan garinsu, ranar yin NIN kuma wani kawu ya ba da sunan kaka, ga shi ranar haihuwar ma kintace aka yi a kowane wuri. A gida babu wanda wannan zai dama, amma a teburin tantancewa na jami'a, idan takardu uku suka nuna sunaye uku, ana iya dakatar da rajistar yaro har sai ya kawo gyara. Gyaran kuwa yana cin kuɗi da lokaci, domin kowace hukuma da tata ƙa'idar: ta NIN daban, ta WAEC daban, ta JAMB daban, wani lokaci har da rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida. Don haka muna roƙon iyaye su baje takardun yaro a tabarma tun yana aji biyar na sakandare, su nemi wani malami ya gwada su harafi bayan harafi. Ranar haihuwar ma ba abin wasa ba ce: ƙa'idar da ake bi ita ce sai mai shekara 16 zuwa sama ake ba gurbi, kuma wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

A nan muke jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorinsu, da masu girma hakimai, dagatai da masu unguwanni. Bisa ƙa'idar jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, waɗanda akasarin jihohin Arewa ke cikinsu. Ma'ana, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma tana iya zama ita ce silar samun gurbin yaro a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri. Idan takardar ta kwana sati biyu a kan tebur tana jiran sa hannu, ana iya rufe tantancewa. Idan kuma aka ba wanda ba ɗan wurin ba saboda abin hannunsa, an ƙwace wa ɗan talakan garin rabonsa. Muna ba da shawarar a ware ma'aikaci guda da zai kula da takardun ɗalibai a wannan lokaci, ya kuma tabbatar sunan da ya rubuta ya yi daidai da na NIN. Haka nan a riƙa tunatar da jama'a a wuraren suna cewa Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma tana da jami'ai a ƙananan hukumomi.

Sai batun kuɗi. A shekarar 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, kuma kuɗin ba a dunƙule yake zuwa ba. Akwai na amincewa da gurbi, da na rajista, da na ɗakin kwana, da na gwajin lafiya, da na sashe, ga kuɗin mota da guzuri, kuma galibi 'yan makonni ake bayarwa a biya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin da ɗansa ke aji shida zai fi samun sauƙi idan ya ware wasu buhuna tun da kaka, ko ya ɗaure rago da sunan makarantar, maimakon ya kai amfaninsa kasuwa a ruɗe ya karyar. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba da lamunin karatu marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati ta asusun NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai-tsaye ga jami'a, kuma ya fara da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Ana fara biyan bashin ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. A sani cewa bashi ne, ba kyauta ba, kuma sai jami'a ta shigar da bayanan ɗalibi kafin ya iya nema, don haka kada a dogara da shi wajen kuɗin farko. Hukumar tallafin karatu ta jiha ma sai ɗalibi ya samu lambar rajistar jami'a take sauraronsa.

Ɗakunan kwana ba sa wadatar da kowa a yawancin jami'o'in gwamnati, wanda ya riga biya shi ya fi samu. Wanda ya rasa sai haya a unguwannin da ke kewaye, kuma kuɗin shekara ake nema. Yana da kyau uba ko wani babba ya raka yaro tafiyar farko, musamman 'ya mace, ya ga inda za ta kwana, ya san maƙwabtanta, ya kuma damƙa amanarta ga wani ɗan uwa ko ɗan gari da ke zaune a can. A shiga mota a tasha, a yi tafiya da rana.

Ku kuma ɗalibai, a jami'a babu mai kaɗa muku ƙararrawa ko ya bi ku da bulala. Amma makin shekarar farko yana shiga lissafin darajar digirinku har ƙarshe. A ma'aunin maki 5, sai wanda ya samu 4.50 zuwa sama yake fita da daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 kuma daraja ta biyu babba, kuma wanda ya yi sake a zangon farko yakan shafe sauran shekarun yana cike rami. Yawancin jami'o'i ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lacca ba ya zauna jarrabawa, satar amsa kuma tana kai ga kora. Mun san yaran makarantun karkara sukan sha wuya da Turancin malamai a watannin farko. Wannan ba abin kunya ba ne, yakan wuce ga wanda ya zauna gaba a aji, ya yi tambaya, ya saba da laburare. Watannin zaman jiran nan ma dama ce ta karanta jarida da littattafai da koyon sarrafa kwamfuta, domin da ita ake rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako. Iyaye kuma su sa a ransu cewa karatun kan iya wuce lokacin da aka ɗiba: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas.

Wanda bai samu gurbi a bana ba, akwai sauran hanyoyi. JAMB na ba da damar sauya kwas ko makaranta ga wanda makinsa bai kai na zaɓinsa na farko ba. Akwai shirin share fage na IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke kai ɗalibi aji biyu kai-tsaye idan ya ci da kyau, haka ma difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha da shaidar malanta ta NCE. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kawai, don haka mai son sake zama ya gyara takardunsa tun yanzu, domin a 'yan shekarun nan a watan Janairu ko Fabrairu ake buɗe sabuwar rajista.