Yadda Ake Shirya Masaukin Baƙi a Yankin Hamada Ba Tare da Ɓata Muhalli Ba

Gabatarwa

Jihohi 11 na Tarayyar Nijeriya ne suke fuskantar gurgusowar hamada, watau Adamawa, Bauci, Borno, Gombe, Jigawa, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato, Yobe da Zamfara. A shekarar 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin dasa wata babbar ganuwa ta itatuwa daga yammacin nahiyar zuwa gabashinta, sa'an nan a 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar da za ta kula da wannan aiki a nan gida. Abin da jama'a suka fi ji game da hamada shi ne hasara: gonaki suna binnewa, rijiyoyi suna ƙafewa, matasa suna barin gida. Duk da haka akwai wata hanyar samu a cikin wannan rairayi, domin akwai mutanen da sukan biya kuɗi su yi tafiya mai nisa don su ga tuddan rairayi, da dausayi, da tsuntsaye, da taurarin dare. Manufar wannan ƙasida ita ce a bayyana wa jama'a matakan da ya wajaba a bi kafin a kafa wa irin waɗannan baƙi masauki, yadda za a ci riba ba tare da an hallaka abin da ya kawo su ba.

Mene Ne Masauki Mai Kiyaye Muhalli?

Shi ne ƙaramin masaukin baƙi wanda aka gina da kayan da ake samu a wurin, yana tsimin ruwa da makamashi, ba ya barin ƙazanta a bayansa, kuma mutanen garin suna da rabo sananne a cikin abin da yake samu. In ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa huɗu ya faɗi, to, otal ne kawai aka gina a cikin daji.

An riga an gwada wannan a wasu ƙasashe. A dausayin Siwa da ke yammacin Masar akwai masaukin Adrère Amellal, wanda aka gina da cakuɗen dutsen gishiri da laka irin na ginin gargajiyar mutanen wurin, aka rufa shi da itacen dabino. Babu wutar lantarki a ɗakunansa, da kyandir ake haskaka su. A ƙasar Jodan kuwa, a 2005 aka buɗe masaukin Feynan mai ɗakuna 26 a gefen gandun dajin Dana. Da hasken rana yake samun ɗan lantarkin da yake bukata, ma'aikatansa kuma daga cikin Larabawan ƙauyen yankin aka ɗauke su. Waɗannan wurare biyu sun nuna cewa baƙo yakan biya kuɗi mai kauri domin ya kwana a ɗakin ƙasa, matuƙar akwai tsabta da natsuwa.

A Nijeriya wurin da ya fi dacewa da irin wannan sha'ani shi ne arewacin Jihar Yobe. Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, wanda aka kafa a 1991, yana da faɗin murabba'in kilomita 2,258, an kuwa kasa shi kashi uku: Cingurmi-Duguma a Jihar Borno, da fadamun Bade da Nguru, da kuma Bulatura a Ƙaramar Hukumar Yusufari. Bulatura ita ce mafi ƙanƙanta, murabba'in kilomita 92, amma a nan ne ake ganin tuddan rairayi sun kewaye kwaruruka masu goriba da dabino, inda ake haƙar kanwa. Fadamun Nguru kuwa, waɗanda aka sanya cikin jerin muhimman fadamun duniya a shekarar 2000, su ne masaukin tsuntsayen da sukan zo daga Turai su ci hunturu.

Zaɓen Wuri da Neman Izini

Kuskuren farko da mai jari yakan yi shi ne ya so kafa gininsa a tsakiyar dausayi, inda ya fi kyaun gani. Nan ne kuwa gonar talaka take, nan ne mashayar dabbobi. Abin da ya dace shi ne a ja da baya zuwa kan ƙasa mai tauri a gefen kwari, nesa da burtali, kuma ba a ƙarƙashin tudun rairayi mai tafiya ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana tura rairayi kudu maso yamma, saboda haka ginin da aka kafa a kan hanyarsa ba zai daɗe ba rairayi zai rufe shi. Dattawan gari sun san tudun da ya matsa a zamaninsu da wanda bai matsa ba, tilas ne a tambaye su.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta kuma ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da izinin zama irin na gargajiya a filayen karkara. Haka nan Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta a binciki illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli kafin a fara su, kuma duk ginin shaƙatawa da za a yi a cikin gandun dajin ƙasa yana cikin ayyukan da dokar ta ambata. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take duba rahoton binciken. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba. Wajibi ne a zauna da hakimi, da lawani, da bulama, da arɗon Fulani, a bayyana musu abin da ake nufin yi tun ba a kafa harsashi ba.

Ruwa

Ruwa shi ne ma'aunin da zai yanke yawan ɗakunan da za a gina. A arewacin Yobe ruwan sama na shekara bai cika kaiwa milimita 500 ba, cikin wata uku ko huɗu kuwa yake sauka. A kwarurukan dausayi ruwa yana kusa da doron ƙasa, shi ya sa goriba da dabino suke rayuwa a wurin. In aka kafa injin mai ƙarfi ana zuƙo shi dare da rana, rijiyoyin maƙwabta za su yi ƙasa, wanda ya rage kuma yana iya komawa ruwan zartsi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a yini domin sha da girki da wanka da wanki. A ɗauka masauki yana da baƙi 20 da ma'aikata 15, kowanne aka ba shi lita 100. Jimla ta kama lita 3,500 a yini. Kududdufin iyo mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita ɗaya da rabi kuwa yana cin lita 75,000, watau ruwan da zai ishi masaukin duka har kwana 21, ban da wanda rana za ta ƙafar kullum. Saboda haka babu wurin kududdufin iyo, ko filin ciyawar ado, a cikin shirin.

Tara ruwan sama yana taimakawa, amma kada a dogara gare shi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi yana ba da lita ɗaya. Rufi mai murabba'in mita 200, a shekarar da aka sami milimita 300, zai tara lita 60,000 in babu wanda ya zube, abin da bai wuce na kwana 17 ba. Ya fi kyau a keɓe shi, tare da ruwan wanka da aka tace cikin tsakuwa da yashi, domin ban ruwan itatuwa. Lalle ne kuma a auna zurfin ruwan rijiya kowane wata, a rubuta a littafi, a nuna wa mutanen gari.

Gini

Kwano da bulon siminti sukan mai da ɗaki tamkar tanda a watannin Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi yakan wuce digiri 40. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, iska ta yi sanyi. Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga maginan ƙasar Hausa. Da tubali da azara suke ɗaure soro, su yi daurin guga, su shafe bango da makuba, su sa indararo ya nisanta ruwa daga gindin gini. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, ga ta nan tsaye har yau, tsohon birnin kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013.

A juya dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, domin rana ta safe da ta yamma su bugi gajerun ɓangarori kawai. A yi tagogi ƙanana masu fuskantar juna don iska ta ratsa, a bar tsakar gida da rumfa. Bangon gabas shi ne hadari ya fi duka, shi ya fi bukatar yaɓe mai kyau. Ginin ƙasa yana son gyara kowace shekara kafin damina, gama sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kada kuma a sare goriba ko giginya mai rai a dausayin domin azara. A sayo daga inda hukumar gandun daji ta ba da izini.

Domin tsare gini daga rairayi, akan kafa shingayen kaba ko na kara layi layi, a gicce wa iska, sa'an nan a dasa itatuwa a tsakaninsu, kamar yadda ake yi a yankin Gure da Maine-Sorowa na Jamhuriyar Nijar. Dakwara, da aduwa, da magarya, da kurna sun saba da fari, kuma kowannensu yana da amfanin da mutanen gari suka sani.

Makamashi da Shara

Farantan hasken rana da batura sun isa su kunna fitilu, da fanka, da firji, da injin ɗaga ruwa. Na'urar sanyaya ɗaki ita ce mai cin wuta da yawa, ginin da aka tsara da kyau kuwa yana rage bukatarta. Tilas a riƙa goge ƙura daga kan farantan lokacin hunturu. Domin ajiye kayan miya akwai dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Girki kuwa da gas za a yi shi, domin masaukin da yake sayen itace kullum yana taya hamada aiki.

A haƙa masai aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, a kan tudu, ba a cikin kwari inda ruwa yake kusa ba. Ragowar abinci a mai da ita taki. Leda da gwangwani da mataccen batir a tara su a koma da su birni cikin motar da ta kawo kaya, saboda leda tana kashe tumaki da awaki in sun haɗiye ta. Motoci kuma su bi hanya guda da aka shata. Ƙasar hamada ba ta saurin warkewa daga rauni. Itaciyar Tenere ta Nijar ta yi shekaru masu yawa tana tsaye ita kaɗai, ayari suna gane hanya da ita, amma a 1973 mota guda ta kaɗe ta, yanzu sai a gidan tarihi na Yamai ake ganin gangar jikinta.

Rabon Mutanen Gari

Mangawa, da Badawa, da Fulani, da Hausawan da suke zaune a wurin su ne masu dausayi. Ya kamata a rubuta yarjejeniya a gaban hukuma wadda za ta fayyace adadin 'yan gari da za a ɗauka aiki, da horon da za a ba su, da kason da za a riƙa zubawa a asusun gari domin rijiya ko makaranta ko ɗakin shan magani. Jagorancin baƙi, da hayar raƙuma, da sayar da nono, da dabino, da tabarmi, da faifai, duk a bar wa mutanen gari. Haka kuma a sanar da kowane baƙo al'adun wurin tun ranar isowarsa: ya suturta jikinsa, kada ya ɗauki hoton mata ko ya shiga gidan aure ba da izini ba.

Lokacin Baƙi da Sha'anin Tsaro

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne baƙi suka fi jin daɗin zuwa, saboda haka kuɗin da aka samu cikin wata huɗu shi ne zai ɗauki nauyin albashi da gyare-gyare na shekara guda. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ci bashin da ba zai iya biya ba. Sa'an nan ga batun tsaro. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007 ya karya kasuwar yawon buɗe ido ta Agadas, rikicin Boko Haram kuma tun daga 2009 ya hana baƙi zuwa wurare da yawa a Borno da Yobe. Don haka kada a fara aiki sai da shawarar hukumomin tsaro da ta gwamnatin jiha. A fara da ɗakuna kaɗan, a dogara da baƙin cikin gida, watau ɗalibai, da malaman jami'a, da iyalai masu hutu, a ƙara gini gwargwadon yadda hali ya nuna.

Kammalawa

Ana kira ga duk mai niyyar zuba jari a wannan fanni da ya tuntuɓi Ƙaramar Hukumarsa, da ma'aikatun muhalli da na yawon buɗe ido na jiharsa, da Hukumar Kula da Gandun Dajin Ƙasa in filin yana kusa da gandu. Su kuma sarakuna da talakawa, haƙƙinsu ne su nemi a nuna musu lissafin ruwa da rubutacciyar yarjejeniya kafin su amince a aza tubalin farko.