Yadda simfoni ya koyi harshen Amurka

Simfoni dogon kiɗa ne da makaɗa tamanin ko fiye suke yi tare, masu goge irin na Turawa da masu busa da masu ganga, kowa na bin rubutaccen tsari, galibi a kashi huɗu kuma ba mai rera waƙa. A Turai aka haife shi, kuma har ƙarshen ƙarni na 19 yawancin masu tsara kiɗa a Amurka kwaikwayon Jamusawa kawai suke yi.

Baƙo ne ya fara zungurarsu. Antonin Dvorak, mutumin ƙasar Cek, ya je New York a 1892 ya shugabanci makarantar kiɗa. Wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, ya riƙa rera masa waƙoƙin ibada na bayi. Dvorak ya fito fili ya ce a kan irin waɗannan waƙoƙi ya kamata Amurka ta gina kiɗanta. Wasu sun yi tsaki, amma maganar ta shiga.

William Grant Still ne ya tabbatar da ita a aikace. A 1931 makaɗan birnin Rochester suka kaɗa simfoninsa na farko, wanda ya ɗora bisa salon bulus, kiɗan kukan zuci na baƙaƙen Kudu. Har banjo ya shigar, abin da manyan gidajen kiɗa ke yi wa kallon kayan talakawa, alhali tushensa Afirka ta Yamma ne, dangin su molo da gurmi.

Bayan shekara biyu, Florence Price ta zama mace baƙar fata ta farko da babbar ƙungiyar makaɗa ta kaɗa simfoninta, a Chicago. A kashi na uku, inda Turawa kan sa rawar fada ko wani abin raha, ita juba ta sa, rawar da bayi ke yi da tafi da bugun cinya da dirin ƙafa. Mai sauraro yakan tsinci kansa yana kaɗa kai ba shiri.

Charles Ives kuwa nasa daban ne. Da rana harkar inshora yake yi, da dare da ƙarshen mako ya zauna rubuta kiɗa. Mahaifinsa shugaban badujala ne a garin Danbury, shi ya sa a kiɗan ɗan ake jin kamar badujala biyu sun yi kiciɓis a titi, kowace na busa nata, waƙar coci kuma na ratsa tsakaninsu. Kunne kan sha wuya da farko. Simfoninsa na uku ya shafe fiye da shekara talatin a ajiye kafin a kaɗa shi a 1946, ya kuma ci lambar Pulitzer a 1947.

Mai neman abin da zai shige shi nan take sai ya nufi Aaron Copland, ɗan Yahudawa 'yan ƙaura, haifaffen Brooklyn. Simfoninsa na uku na 1946 ya ƙare da busar ƙahonin da ya tsara tun 1942 don karrama talaka, sauti mai faɗi da Amurkawa ke ji a matsayin nasu.

Ita kuwa Florence Price ta rasu a 1953 aka kusa mantawa da ita. Sai a 2009 wasu ma'aurata da suka sayi wani tsohon gida a jihar Illinois suka tarar da tulin takardun kiɗanta a ciki. A 2022 makaɗan Philadelphia suka ci lambar Grammy da faifan simfoninta na ɗaya da na uku.